Cajar CTEK MXS 5.0 da Ajiyar Batir na Tsawon Watanni

Batirin da ya sa na fara neman irin wannan caja bai cika shekara guda yana aiki ba lokacin da na cire shi daga mota, domin wata tafiya ta taso mini wadda na san za ta ci watanni. Na goge shi, na ɗora shi a kan katako a kusurwar gareji, na rufe shi da kwali, na tafi da tunanin cewa na yi duk abin da ya kamata. Abu ɗaya ne ban yi ba, wato ban cika shi da caji kafin in ajiye shi ba, kuma makonnin da suka gabaci tafiyar duk gajerun zirga-zirga na yi da motar, waɗanda ba sa ba batir damar cika. Da na dawo bayan wata bakwai na ɗora masa mita, sai ta nuna bolt 11.8. Na haɗa shi da tsohuwar cajar da nake da ita, irin mai nauyin nan wadda ba ta san komai ba sai tura wuta, ya kwana a kanta har ya ɗauki ɗumi, amma da safe da na mayar da shi mota na murɗa makulli, sai kik ya yi ƙara sau biyu ya yi shiru. Batirin ya karɓi caji a ido, amma ba ya riƙewa, kuma bai sake dawowa daidai ba.

Kafin a fahimci amfanin cajar da zan yi magana a kanta, sai an san abin da ke faruwa a cikin batir lokacin da yake zaune ba ya aiki. Batirin dalma da asid tsohon ƙirƙira ne, domin masanin Faransa Gaston Planté ne ya samar da shi a shekarar 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai sauya ba. Batir mai bolt 12 yana da ɗakuna shida, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, kuma a cikin kowanne akwai farantai iri biyu a nutse cikin ruwan batir, wanda asid ɗin salfa ne gauraye da ruwa. Duk lokacin da batir yake ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da dalmar farantan ya zama wani farin sinadari da ake kira salfet na dalma, ruwan batir kuma yana ƙara tsinkewa. Idan aka yi caji da wuri, wannan sinadari yana narkewa ya koma yadda yake, kuma haka batir yake rayuwa shekara da shekaru. Matsalar tana farawa ne idan aka bar shi babu cikakken caji na tsawon makonni ko watanni, domin a lokacin ne salfet ɗin yake daskarewa ya zama ƙwayoyi masu tauri da suke manne wa farantan, caji na yau da kullum ba ya iya narkar da su, kuma duk inda suka rufe ya daina aiki ke nan.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, batir yana zubar da cajinsa da kansa ko da babu wayar da ta taɓa shi. A wuri mai matsakaicin yanayi, kamar digiri 20 zuwa 25 na ma'aunin Salshiyas, yakan rasa kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a kowane wata, kuma wannan asara tana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Idan kuma batirin yana haɗe a jikin mota, abin ya fi haka sauri, saboda agogo da kwamfutar mota da na'urar kulle ƙofa suna shan wuta kaɗan-kaɗan dare da rana. Ko da abin da suke ja bai wuce miliamfiya 30 ba (miliamfiya kashi ɗaya ne bisa dubu na amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana), lissafi zai nuna cewa a cikin kwana talatin sun cinye fiye da amfiya-awa 21 (ma'aunin yawan cajin da batir ke iya ɗauka), wato sama da kashi ɗaya bisa uku na batir mai amfiya-awa 60. Saboda haka motar da aka ajiye wata biyu ba a taɓa ta ba tana iya kai batirinta ga halin da salfet zai fara daskarewa, alhali mai ita yana ganin hutawa take yi.

Magani a bayyane yake, wato a riƙa cika batirin, amma nan ma akwai tarko. Cajar da ba ta san lokacin tsayawa ba, idan aka bar ta a kan batir kwana da kwanaki, tana tafasa ruwansa, tana raba shi zuwa iskar haidirojin da oksijin, ruwan ya ragu, saman farantai ya fito fili ya bushe, ragar da ke riƙe farantan kuma ta riƙa cinyewa. Wato ƙarancin caji yana kashe batir, yawansa ma yana kashe shi, kuma aikin cajar ajiya shi ne ta tsaya a tsakanin waɗannan biyun na tsawon watanni ba tare da mutum yana tsaye a kanta ba. A kan wannan ma'auni na gwada CTEK MXS 5.0, kuma na shafe fiye da shekara guda ina amfani da ita a kan batura uku: wani batirin mota mai amfiya-awa 60 irin wanda ake buɗe murafansa a zuba ruwa, na babur ƙarami, da wani rufaffe irin na AGM, wanda asid ɗinsa yake jiƙe a cikin tabarmar zaren gilashi maimakon ya riƙa yawo a ɗakuna.

Kamfanin CTEK na ƙasar Suwidin ne, kuma wannan caja ƙarama ce, doguwa siririya, ba ta da nauyi, ana iya riƙe ta a hannu ɗaya. An rufe jikinta yadda ƙura da fantsamar ruwa ba za su shiga ba, a matakin kariya da ake kira IP65, abin da ke da muhimmanci ga na'urar da za ta zauna a gareji wata da watanni. Maɓalli ɗaya ne kacal a jikinta, da shi ake zaɓen tsarin caji, sai jerin ƙananan fitilu da ke nuna matakin da aikin ya kai. Akwai tsarin ƙananan batura mai alamar babur, wanda ke ba da amfiya 0.8, akwai na manyan batura mai alamar mota, wanda ke kaiwa amfiya 5, sannan a kan kowannensu ana iya ƙara zaɓin AGM ko zaɓin farfaɗowa da aka rubuta wa Recond. An yi ta ne domin cajin batura daga amfiya-awa 1.2 zuwa 110, da kuma kula da waɗanda suka kai 160 idan ajiya ce kawai ake so. Tana zuwa da wayoyi iri biyu, masu maƙalai ja da baƙi na cizawa a kan batir, da masu zobe waɗanda ake ɗaurewa da noti a bar su dindindin. Waɗannan masu zoben na ɗaura wa babur, domin batirinsa yana ƙarƙashin kujera, kuma yanzu ba na kwance komai, sai dai in jawo bakin wayar in haɗa.

Cajin yana tafiya ne a matakai takwas, amma ba duka ne suka shafi mai ajiya daidai ba. Na farko yana aika wuta a bugu-bugu domin sassauta salfet ɗin da ya fara kamawa, na biyu yana gwada ko batirin zai karɓi caji, na uku yana tura cikakken ƙarfi har batirin ya kai kimanin kashi 80 cikin ɗari, na huɗu kuma yana riƙe ƙarfin wutar a bolt 14.4, ko 14.7 idan an zaɓi AGM, yana rage yawan abin da ke shiga a hankali har batirin ya ƙoshi. Wannan mataki na huɗu yana ɗaukar lokaci, kuma shi ne wanda masu gaggawa suke katsewa, alhali shi ne ke narkar da ragowar salfet ɗin da, in an bar shi, zai daskare a ajiya. Mataki na biyar gwaji ne, inda cajar take dakatawa na ɗan lokaci ta ga ko batirin zai riƙe abin da aka ba shi ko zai zube. Na shida shi ne na farfaɗowa, wanda ba ya aiki sai an zaɓe shi.

Matakai biyu na ƙarshe su ne dalilin da ya sa na ga wannan caja ta dace da ajiya, kuma a kansu nake son in daɗe. A mataki na bakwai, bayan batir ya cika, cajar tana sauke ƙarfin wuta zuwa bolt 13.6 ta riƙe shi a nan, wanda ya isa ya hana batir zubewa amma bai kai ya tafasa ruwansa ba. Cajoji da yawa a nan suke tsayawa har abada, kuma ko wannan ƙaramin ƙarfi, idan ya ɗore wata da watanni, yana ɗan cin ruwan batir da ragar farantansa, musamman a wuri mai zafi. Ita wannan ba ta wuce kwana goma a wannan mataki. Daga nan sai ta shiga na takwas, inda take janye hannunta gaba ɗaya ta koma sa ido, ba ta sake ba da wuta sai ƙarfin batirin ya sauka kaɗan, sannan ta ba shi ɗan caji ya koma sama, ta sake yin shiru. Ta haka batirin yana zama tsakanin kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, kuma mafi yawan lokacin yana hutawa ne babu abin da ke matsa masa. Na tabbatar da haka da idona a kan batirin mota, domin a makon farko duk lokacin da na ɗora mita sai in ga 13.6 ba ta motsi, amma a mako na uku na tarar da ita tana nuna 12.8, jikin cajar a sanyaye, koriyar fitilar da ke nuna batir ya cika tana ci. Da farko na ɗauka wani abu ya tsinke, sai da na koma ga littafin bayani na gane cewa aikin ke nan.

Batirin motar ya yi wata biyar a haɗe da ita ba tare da an cire ba. Kafin in haɗa shi na buɗe murafan ɗakunansa shida na haska tocila, na ga ruwan ya rufe farantai da kyau a kowanne, kuma na ci gaba da dubawa sau ɗaya a wata. A ƙarshen wata biyar ruwan ya ɗan ragu a ɗakuna biyu, amma bai kai ga buɗe farantai ba, na ƙara musu tataccen ruwa kaɗan. Na cire cajar, na bar batirin ya kwana domin cajin sama-sama ya kwanta, da safe mita ta nuna bolt 12.7, kuma da na mayar da shi mota, bugu ɗaya injin ya tashi da ƙarfi kamar jiya aka kashe shi. Wannan barin kwana yana da muhimmanci ga duk mai son sanin gaskiyar batirinsa, domin batirin da aka cire daga caji yanzu-yanzu yana nuna lamba mai yawa wadda ba ta gaskiya ba ce. Bayan ya huta, 12.6 zuwa 12.7 na nufin ya cika, 12.4 na nufin kimanin kashi uku cikin huɗu, 12.2 na nufin rabi, abin da ya yi ƙasa da 12.0 kuma ya kusa ƙarewa. Rufaffun batura irin na AGM sukan nuna lamba sama da wannan kaɗan idan sun cika.

Wani abin da na yaba shi ne yadda take sauya ƙarfin caji gwargwadon zafi ko sanyin wurin da take. Batir mai ɗumi yana bukatar ƙarfin caji ƙasa da na batir mai sanyi, kuma cajar da ba ta yin wannan lissafi tana wuce gona da iri a lokacin zafi, ta kuma gaza cika batir a lokacin sanyi. Sai dai ma'aunin zafin yana jikin cajar ne, ba a jikin batir ba, don haka dole ne a ajiye su a wuri ɗaya mai iska ɗaya. Idan aka bar cajar a rana batir yana inuwa, ko aka ɗora ta a kan injin da bai huce ba, lissafinta zai bi zafin da ita take ji. Kuma ba a ɗora ta a kan batirin kansa, saboda tururin asid da ke fitowa lokacin caji.

Tsohon batirin nan da ya mutu a ajiya ban jefar da shi ba, don haka na ɗora masa wannan caja da fatan ko matakin sassauta salfet da zaɓin farfaɗowa za su tashe shi. Ta karɓe shi, ta bi matakai har zuwa na biyar, sai jar fitila ta kama, alamar cewa ba ya riƙe caji. Na sake gwadawa, sakamakon bai sauya ba. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawar na'urar ba, hasali ma na ji daɗin cewa ta faɗa mini gaskiya maimakon ta kunna koriyar fitila a kan gawa. Amma ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin kalmar farfaɗowa tana iya sa mutum ya yi tsammanin abin da babu. Salfet ɗin da bai daɗe ba ana iya narkar da shi, wanda ya yi watanni yana taurara kuwa sau da yawa ya riga ya ci farantan, kuma batirin da ɗaya daga cikin ɗakunansa ya haɗe ta ciki babu cajar da za ta gyara shi. A ƙarshe na kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura domin a narkar da dalmar a sake sarrafa ta, domin dalma guba ce, kuma bai kamata a yar da batir a juji ko a zubar da ruwansa a ƙasa ba.

Inda zaɓin farfaɗowa yake da amfani na gaskiya shi ne a batirin ruwa da ya daɗe a zaune ko ya yi mummunan saukar caji. A irin wannan batir asid mai kauri yakan kwanta a ƙasa, ruwa mai tsinki ya taso sama, sai ƙasan farantai ya riƙa cinyewa, samansu kuma ba ya aiki sosai. Cajar tana ɗaga ƙarfi zuwa bolt 15.8 na wani lokaci domin ruwan ya riƙa fitar da kumfa a hankali, kumfar ta gauraya shi. Na yi wa batirin mota haka sau ɗaya, kuma idan aka kasa kunne kusa da shi ana jin ƙaramin sautin tafasa kamar na ruwan da ya fara zafi. Wannan aiki yana cin ruwa, don haka ba abin yi kullum ba ne, sau ɗaya a shekara ya wadatar, kuma ni na fi son in cire batirin daga mota kafin in yi, saboda kada wannan ƙarfi ya kai ga kayan lantarkin motar. Rufaffen batirin kuwa ban taɓa yi masa ba, domin ruwan da ya rasa babu hanyar mayar masa.

Akwai iyakokin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya kai ta gida. Amfiya 5 ba ƙarfi ne mai yawa ba, kuma lissafi mai sauƙi zai nuna cewa batir mai amfiya-awa 60 da ya sauka sosai zai ɗauki kusan awa goma sha biyu kafin ya kusa cika, babba kuma zai wuce yini guda. Ga mai ajiya wannan ba damuwa ba ce, domin caji a hankali ya fi wa batir lafiya, amma wanda ke son tayar da mota cikin rabin awa ba wannan ce na'urarsa ba. Batura masu bolt 12 na dalma da asid kaɗai take yi wa aiki, ba ta dace da masu bolt 6 ko batiran lithiyam ba, kuma idan mutum yana da batura biyu da aka jera suka ba da bolt 24, sai ya raba su ya yi wa kowanne shi kaɗai. Haka kuma tana bukatar ta ji aƙalla bolt 2 a jikin batir kafin ta fara aiki, wanda kariya ce da ke hana tartsatsi idan maƙalan suka taɓa juna, amma yana nufin batirin da ya mutu murus ba za ta gane shi ba. Abin da na fi so a ce tana da shi kuwa shi ne allon da ke nuna lamba, domin fitilun suna faɗin matakin da ake ciki amma ba sa faɗin ƙarfin batirin, saboda haka har yanzu mita tana rataye kusa da ita.

Dole kuma a tuna cewa wutar soket take sha, don haka inda za a ajiye batirin sai ya kasance akwai lantarki. Wanda ba shi da wannan dama bai rasa mafita ba, kuma a nan nake ganin an fi zuzuta bukatar barin caja a haɗe kullum fiye da kima. Batir mai lafiya da aka cika sosai, aka cire shi daga mota, aka ajiye a wuri mai sanyi, yana iya yin watanni kafin ya sauka zuwa 12.4, wadda ita ce iyakar da bai kamata a bari ya wuce ba. Tun da caja ɗaya nake da ita ga batura uku, abin da nake yi yanzu shi ne in bar ta a kan wanda ke haɗe da abin hawa, sauran biyun kuma in riƙa auna su a farkon kowane wata, duk wanda ya kusa 12.4 in ba shi kwana biyu a kanta har koriyar fitila ta kama. A lokacin zafi hakan yakan zo da wuri, a lokacin sanyi kuma rufaffen batirin yakan daɗe bai nemi komai ba.

Duk kyawun caja, akwai aikin da ba za ta yi wa mutum ba, kuma rabin nasarar ajiya yana ga shirin da aka yi kafin a haɗa ta. Saman batir ya zama tsaf a bushe, domin ƙura mai laima da ta gauraya da ɗigon asid tana zama hanyar da wuta ke bi daga kai ɗaya zuwa ɗayan, batirin ya riƙa zubewa a ɓoye. Farin garin nan ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kawunan batir ana wanke shi da hodar bikabonet, wato bekin soda, da aka dama da ruwa, a goge da buroshi, a kiyaye kada ruwan wankin ya shiga ɗakuna, sannan a shafa ɗan basilin ko giris bayan an ɗaure wayoyi. Idan za a cire batir daga mota, wayar da ke da alamar ragi ake fara kwancewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa, domin idan sifana ta taɓa ƙarfen mota kada a samu tartsatsi. Game da ruwa, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, ba ruwan famfo ba kuma ba asid ba, domin ruwa ne ke tashi ya bar asid a ciki, kuma an fi so a ƙara bayan an gama caji saboda ruwan yana ɗagowa idan batir ya cika, sai dai idan farantai sun riga sun fito fili, to a nan sai a fara rufe su kafin a sa caji.

Wurin ajiya ma yana da nasa hukunci. Wuri mai sanyi, busasshe, mai shigar iska, nesa da rana da injin da ke zafi, shi ne ya fi, kuma batirin ya zauna a tsaye. Sanyi aboki ne ga batirin da ya cika, domin ruwansa ba ya daskarewa sai sanyi ya yi tsananin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, amma batirin da ya sauka ruwansa ya kusa zama ruwa zalla, yana iya ƙanƙara a 'yan digiri kaɗan ƙasa da sifili ya fasa kwandonsa, kuma batirin da ya ƙanƙara ba a sa masa caji sai ya narke. Maganar da aka saba ji cewa daɓen siminti yana shanye cajin batir kuwa ta samo asali ne daga zamanin da ake yin kwandon batir da katako ko baƙar roba mai tsotsar laima. Kwandon batiran yanzu na roba ne da wuta ba ta ratsa shi, don haka siminti ba ya yi musu komai. Ni har yanzu ina sa katako a ƙarƙashi, amma don kare daɓen daga ɗigon asid ne.

Shigar iska ba abin wasa ba ce, domin haidirojin da batir ke fitarwa lokacin caji tana iya kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri, kuma ƙaramin tartsatsi ko wutar sigari ya isa. Wannan caja tana da kariya daga tartsatsi, da haɗuwar wayoyi, da juya ja da baƙi, kuma idan aka yi kuskuren juya su jar fitila ce kawai za ta kama ba tare da wani abu ya ƙone ba. Duk da haka ban bar tsarin da ya dace ba: ina fara maƙala jar waya a kan mai alamar ƙari, sannan baƙar, wadda idan batirin yana cikin mota nake maƙala ta a ƙarfen jikin motar nesa da batir da bututun mai, sai daga ƙarshe in sa filogi a soket, kuma wajen cirewa filogin nake fara zarewa. Duk lokacin da zan buɗe murafan ɗakuna ina sa tabarau da safar hannu ta roba, domin ɗigo ɗaya na ruwan batir yana huda riga, balle ido.

Ga wanda ke da mota ko babur ko tarakta ko janareta mai tashi da batir da ke zama makonni ba a kunna shi ba, ko wanda ke ajiye batirin ko-ta-kwana, ina ba da shawarar wannan caja ba tare da shakka ba, musamman saboda matakinta na takwas da kuma gwajin da take yi a mataki na biyar. Wanda motarsa ke yin doguwar tafiya kullum ba ya bukatarta sosai, wanda kuma ke da manyan batiran sola masu ɗaruruwan amfiya-awa sai ya nemi wadda ta fi ta ƙarfi. A halin yanzu tana haɗe da batirin babur, wata na uku ke nan, kuma na liƙa takarda a bango kusa da ita inda nake rubuta ranar da na auna kowane batir da lambar da mita ta nuna. Awon farkon wannan wata ya nuna rufaffen batirin yana 12.6, na mota kuma ya sauka zuwa 12.5, don haka shi ne zai karɓi cajar a mako mai zuwa.